Wasan "wa ya yi kisa?": a yi, amma a tsare sunan mutane

Iyayenmu mata 'yan kasuwa, fatake da dillalai na Tanout da Belbédji, yau maganar 'ya'yanku muka kawo maku.

Wasu ɗalibai 'yan Damargu da ke karatu a birnin Damagaram sun same mu a gidan rediyo, sun ce ƙungiyarsu tana shirya wani wasa ta WhatsApp. Za a ƙaga labarin kisan kai, a raba wa kowa matsayinsa a asirce, ɗaya ya zama mai laifi, saura su yi ta tambayar juna har su gano shi. Irin wannan wasa ya daɗe a duniya. A Ingila an fito da Cluedo tun 1949, kuma wasan salula na Among Us da ya fito a 2018 ya game duniya a 2020, lokacin korona.

Mun san wasu iyaye za su ce sun saida hatsi da awaki don yaro ya yi karatu, ga shi ya koma wasa. Mu dai muna ganin a bar su su yi, domin wasan yana koyar da abin da muke ƙaranci: neman hujja kafin a zargi mutum. Sau nawa a kasuwa kuɗi ke ɓata, kafin a bincika an riga an kama yaron shago da duka, daga baya a tsinci kuɗin a ƙarƙashin buhu?

Amma muna da sharuɗɗa uku.

Na farko, kada a sa sunan mutum na gaskiya, ko na unguwa, ko na rumfa. Saƙon murya ba ya zama inda aka aje shi. In ya fita daga hannun ɗalibai ya shigo kasuwar Bakin Birji, wanda ya ji ba zai san wasa ba ne. Mai saida fura da aka kama sunanta a labarin guba, ko da wasa, cinikinta ya mutu. Saboda haka kowane saƙo ya fara kuma ya ƙare da cewa "wannan wasa ne".

Na biyu, kada a jingina mai kisan ga wata ƙabila. A Damargu, Hausawa, Dagira, Buzaye da Fulani rijiya ɗaya suke sha, kuma kowa ya san yadda rai ke ɓaci tsakanin manomi da makiyayi lokacin kaka. Magana zarar bunu ce.

Na uku, duk wanda ya nuna wani da yatsa ba tare da hujja biyu ba, shi ya faɗi wasan. Hujjojin kuma su zama namu: sawun raƙumi a kan rairayi, shaidar dillali, littafin bashi, tambarin da ke jikin dabba. Su je su zauna da masu bin sawu na karkara, za su ƙaru.

Ku kuma iyaye, in ɗanku ya zo hutu, ku tambaye shi sunan wa ya sa a cikin labarin. In na maƙwabciya ne, ku sa shi ya goge a gabanku.

Allah Ya ba da kasuwa, Ya tsare mu daga ƙazafi.