Kwamfutar Gwanjo Ba Abin Kunya Ba Ce, Amma A Buɗe Ido

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta ajiye takarda da fensir, ta mai da jarrabawar shiga jami'a bisa kwamfuta. To, ga abin da ke damunmu, mu da aikinmu shi ne horon malamai. Kowace shekara mukan sallami samari da 'yan mata da takardar shaidar malanta, alhali da yawansu ba su taɓa zaman sa'a guda cur gaban kwamfuta ba. Su ne kuwa za su koyar da yaran da za su zauna wannan jarrabawa. Sai ka ga yaro ya san amsa sarai, amma hannunsa na rawa bisa linzami har lokaci ya ƙare. Wannan hasara ba ta dace da garin da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922 ba, makarantar da ta yaye su Abubakar Tafawa Balewa da Sardauna Ahmadu Bello.

Mun sani albashin malami ba ya sayen sabuwa. Saboda haka shawararmu ita ce ya nemi kwamfutar girke ta gwanjo, irin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka sallama, kamar Dell da HP da Lenovo. Ta fi tafi-da-gidanka sauƙin kuɗi, in wani abu ya mutu a cikinta a cire a sa wani, ga shi kuma tana zaune wuri guda, maigida da uwargida da yara duk su koya.

Amma fa ba a cinikin biri a sama. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2018 ya nuna cewa a 2015 da 2016 an riƙa shigo da tsofaffin kayan lantarki Nijeriya wajen tan 60,000 a shekara, fiye da tan 15,000 kuwa matattu ne tun kafin su sauka Ikko. Wanda ya saya da ka, watakila bolar wata ƙasa ya kai gidansa.

Da fari, kada ƙyallin akwati ya ruɗe ka, tambayi shekarun ƙwaƙwalwarta. Kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa ba ta yarda da ƙwaƙwalwar Intel da ta girmi zubi na 8, watau na 2017. Kadan kuɗinka bai kai nan ba, kada ka ci bashi. Tsohuwa ma ta isa koyon buga rubutu da lissafi, ana kuma iya sa mata Linux, wadda kyauta ce.

Na biyu, nemi RAM gigabayit 8 da ma'adana irin ta SSD. Ƙaramar SSD ta fi babban tsohon faifai sauri nesa ba kusa ba.

Na uku, tafi da wanda ya san kan abin. A kunna ta gabanka, ta yi ko da rabin sa'a tana aiki, a taɓa kowane harafi, a buɗe akwatin a duba. Ka karɓi rasit mai lambar injin, da sharaɗin mayarwa a rubuce, gama kayan sata ma sukan shiga kasuwa.

Na huɗu, kada ka zuba kuɗinka duka a kan injin. Wutarmu takan zo da ƙarfi, ta ɗauke ba sallama, don haka ware kuɗin UPS ko sitabilaiza. Duba bayan akwatin kuma: wasu tsofaffin da suka fito Amurka suna da ɗan jan makunni mai 115 da 230. In aka bar shi a 115 aka jona da wutarmu, nan take sai hayaƙi. A lulluɓe ta saboda ƙurar hunturu, a ba ta iska a zafin bazara.

Wani zai ce ai wayar hannu ta wadatar. Lalle waya tana da amfaninta, amma ba a koyon buga rubutu da yatsu goma a kanta, ba kuma ita za a ajiye gaban yaro a ɗakin jarrabawa ba. Wani kuma zai ce ina wutar? Gaskiya ne, amma sa'a biyu a mako ta fi babu. Wanda bai iya saye shi kaɗai ba, malamai biyar su yi adashe, kowa ya ɗauka ya saya.

Muna roƙon shugabannin makarantu su ƙarfafa wa malamansu gwiwa a kan wannan. Malamin da ya koya yau, aji guda ya ceta gobe. Allah Ya sa mu dace, amin.