Igiyar Guga da Itacen Bakin Rijiya

A rahotannin ilimi da ake rubutawa da Turanci akwai wata kalma da ke yawan gilmawa idan aka zo batun adadin malamai, wato "attrition". Masu fassara kan ce raguwa. Mu dai a ganinmu wannan fassara ta rage wa kalmar kaifi.

Asalinta Latin ne, daga "terere", wato gogawa ko niƙawa. Da aka liƙa masa ɗafin "ad" a gaba, sai ya zama goga wani abu a jikin wani har ya cinye. Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiyoyi masu zurfi na ƙauyukan Sule Tankarkar ko Gagarawa ya ga ma'anar da idonsa a jikin itacen da ake gittawa a bakin rijiya. Igiyar guga ta ci shi har yatsa na nutsewa a sawunta, amma ba mai iya nuna ranar da ya lalace. Masu tarihin yaƙi ma da ita suke siffanta abin da ya faru a Verdun a 1916, inda Jamus da Faransa suka kwashe wata goma kowa na jiran mazajen abokin gābarsa su ƙare.

Haka take cin makarantunmu na firamare. Wani ya yi ritaya, wata ta rasu, wani ya samu aiki mai ɗan maiƙo ya ajiye alli. Sai a haɗe aji biyu a hannun mutum ɗaya, wai kafin a turo wani. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35. Kowannenmu ya duba rajistar ajinsa.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne yadda ake maganar kamar ta kwararowar hamada ce, wadda sai dai haƙuri. Alhali igiya ba ta jan kanta. Mutuwa ta Allah ce, ba mu ja. Amma ranar ritayar kowane malami sananniya ce tun ranar da ya kama aiki, tana nan a fayil ɗinsa. Wanda ya bar gurbin fanko shekara da shekaru yana sane ya bar shi. Dokar 2022 da ta kai shekarun ritayar malamai 65, ko 40 na aiki, ko a inda aka zartar da ita jinkiri kawai ta kawo. Ga kuma Kwalejin Ilimi ta Gumel tana yaye masu NCE, wasunsu tsoffin ɗalibanmu, muna gaisawa da su ranar Alhamis a kasuwar Maigatari suna neman abin kai wa gida.

Saboda haka muna roƙon wakilin kowace makaranta ya zo taron reshe na gaba da takarda guda: malamai nawa suka bar makarantar a shekara biyar da suka wuce, nawa aka turo a madadinsu, kuma aji nawa ke hannun mutum ɗaya a yau. Da ita za mu je gaban hukuma.