Daga Bakin Rumfa: Katun Ma Akwai Na Hannu, Akwai Na Inji

Ina gaida 'yan uwa na Adjamé da Treichville, da iyayen gida masu karanta mu a salula bayan an sauke tukunya.

Yau maganar yara ce da kallo. Kowa ya san zamanmu a nan 220 Logements: maigida ya fita tun asuba sai bayan isha'i, uwargida tana fama da nata saye da sayarwa, yaro ya taso daga lakwal babu dandali, in ya sauka ƙasa kuma gbaka ce ke wucewa. Sai a miƙa masa waya don a samu lafiya. Ni ba na cikin masu cewa a hana kallo ɗungurungum, don wanda ya hana a ɗakinsa za a kalla a ɗakin maƙwabta. Abin da nake cewa shi ne mu zaɓar musu, yadda muke zaɓar haja.

Duk wanda ya taɓa sayar da babbar riga ya san bambancin aska takwas ɗin da aka ɗinka da allura a Zariya da wanda keke ya zuba cikin yini guda. Daga nesa duk riga ce, sai ka juya bayanta ka gane. To katun ma haka yake. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, masu zanen hannu kuma sau da yawa zane 12 suke yi wa daƙiƙa ɗaya. Ku buga lissafi: fim na awa ɗaya da rabi zai ci zane 64,800. Yanzu da yawansu a kan allon kwamfuta suke zanawa maimakon takarda, amma dai hannu ne ke jan layin. Mutumin da zai yi shekaru a kan wannan wahala ba ya farawa sai yana da labarin da ya cancanta. Ba na cewa duk aikin kwamfuta banza ne. Ga Pokou, princesse Ashanti da kamfanin Afrikatoon ya yi a nan Abijan a 2013, da kwamfuta aka yi shi, kuma tarihin ƙasar da muke ci a cikinta ne. Wanda nake gudu shi ne ɗan araha ɗin nan mai ihu da walƙiyar launi, wanda yaro zai kalla awa biyu, ka ce ya ba ka labari ya kasa. Araha ba ta ado.

Zan kawo sunayen da Faransanci, don da shi za ku nema.

Bari in fara da namu. Mutane da yawa ba su san cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka fara wannan sana'a a Afirka ɗan Nijar ba ne. Moustapha Alassane, an haife shi a 1942, ya rasu a 2015, ya daɗe yana zaune a Tawa. Ya yi aiki da Jean Rouch, Bafaranshen nan da ya ɗauki fim ɗin Moi, un Noir a Treichville tare da 'yan ci-ranin Nijar. A 1966 Alassane ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan gajere ne na mintuna kaɗan, a kan shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyara maƙwabciyar ƙasa, ana fareti ana busa. Zanen baƙi da fari ne, babu wani kwalliya. Yaro zai yi dariyar kwaɗi, babba kuma ya san da wa ake. Ku nuna wa 'ya'yanku don su san ɗan ƙasarmu ya riƙe alƙalamin nan tun kafin a haifi yawancinmu.

Ga ƙanana, 'yan shekara biyar zuwa sama, ina ba da shawarar Mon voisin Totoro, na Hayao Miyazaki ɗan Japan, 1988. 'Yan mata biyu ne, ya da ƙanwa, suka koma ƙauye da mahaifinsu don su kusanci asibitin da mahaifiyarsu take kwance. Babu bindiga, babu mugu. Abin kallo shi ne yadda babbar take ɗauke da gida, tana dafa abinci tana goyon rigimar ƙanwarta, ga tsoron rashin uwa a zuciyarta. Akwai wata halitta ta daji a ciki, kuma akwai inda suka sunkuya wa babbar bishiya suna godiya. Nan ne uba zai tsaya ya ce wa yaro: wannan al'adarsu ce, mu ga Allah kaɗai muke sunkuyawa. Finafinan wannan gida na Ghibli suna kan Netflix tun 2020, ga mai biya.

Sai Zarafa, na Faransa, 2012. Wani tsoho ne zaune gindin kuka yana ba yara labarin Maki, yaron da ya kuɓuce wa mai fataucin bayi ya ƙulla amana da 'yar raƙumin dawa, ya bi ta ta cikin hamada da teku har birnin Paris. Tushen labarin gaskiya ne: Muhammad Ali Pasha na Masar ya aika wa sarkin Faransa Charles na goma kyautar raƙumin dawa, aka taka da ita a ƙasa daga Marseille, ta isa Paris a 1827. Sauran ƙari ne na masu fim. Wanda ya taɓa wucewa ta Kure a hanyar Yamai zuwa Doso ya san wannan dabba ido da ido, sai ya ƙara wa yaransa da nasa labarin.

Kirikou et la Sorcière kusan kowa ya san shi. Michel Ocelot ya yi shi a 1998, mutumin da ya yi ƙuruciyarsa a Gini, kiɗan kuma na Youssou N'Dour ne. Zanen itatuwa da furanni a ciki abin a tsaya a duba ne. Kowa a garin yana tsoron Karaba, yaron kaɗai ne ya tambayi dalilin muguntarta, har ya gano ƙaya ce aka kafa mata a gadon baya. Amma fa in faɗa muku gaskiya: matan ciki ba su rufe ƙirji ba, yaron ma tsirara yake, ga maganar tsafi. Maigida ya fara kallo shi kaɗai, sannan ya yanke hukuncin gidansa.

Wanda ya fi taɓa ni a matsayina na ɗan kasuwa shi ne Parvana, une enfance en Afghanistan, na Nora Twomey 'yar ƙasar Ailan, 2017. Yarinya ce 'yar shekara 11 a Kabul zamanin mulkin Taliban na farko. Mahaifinta malamin makaranta ne da ya rasa ƙafa, yana shimfiɗa 'yan kayansa a kasuwa, yana karanta wa mutane wasiƙa yana rubuta musu. Da aka kama shi, gida ya rasa namijin da zai fita, sai ta aske gashinta ta sa kayan maza ta koma wurin shimfiɗarsa don a samu na tuwo. Duk wanda ya taɓa tunanin yadda iyalinsa za su yi ranar da bai buɗe rumfa ba zai gane wannan fim. Akwai duka da tashin hankali a ciki, don haka na 'yan shekara 12 zuwa sama ne, kuma a zauna da su.

Masu son mai dogon zango, akwai Rémi sans famille na 1977, kashi 51, maraya mai yawo gari-gari da tsoho Vitalis da karnuka da biri. Akwai kuma Marco na Isao Takahata, 1976, kashi 52, yaro daga Genoa ta Italiya da ya bi sawun mahaifiyarsa da ta tafi neman kuɗi Ajantina, wasiƙarta ta daina zuwa. Wannan kam labarin ci-rani ne ta idon wanda aka bari a gida. Kashi ɗaya a dare ya isa.

Na ƙarshe na manya ne: Aya de Yopougon, 2013, daga littafin Marguerite Abouet, haifaffiyar Abijan, da mai zane Clément Oubrerie. Yopougon ce ta ƙarshen shekarun 1970, yarinya mai son zama likita da ƙawayenta biyu masu son rawa. Akwai giya, akwai cikin shege, akwai iyayen da ke da nasu ɓoyayyen hali. Kada a kunna wa ƙanana. Amma uwa mai 'ya budurwa a garin nan za ta ƙaru da shi. Kuma ku lura, ba duk abin da aka zana ne na yara ba. In za a zuba muku katun a kati a kasuwa, ku faɗi suna ɗaya bayan ɗaya, kada ku ce a cika kawai.

To ga inda na dosa. Yawancin waɗannan da Faransanci yaranmu za su ji su, kuma kun san halin da ake ciki: yaro yana Faransanci a lakwal, Nushi a titi, Julanci a kasuwa, Hausa sai gaisuwa da aike. Mu da muka tashi da "ga ta nan, ga ta nanku" a bakin kaka, kakar tasu tana can Maradi ko Katsina. Saboda haka a sa doka a gida: in fim ya ƙare, a kashe waya, yaro ya ba da labarin da Hausa. Zai yi tuntuɓe, zai cusa Faransanci, sai ka ba shi kalmar: raƙumin dawa, kuka, ƙaya, maraya, amana. In ya iya, a ɗauki muryarsa a tura wa kaka ta WhatsApp, ita ma ta rama da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Dare ɗaya a mako ya wadatar, ko daren Lahadi da wasunmu ke tashi da wuri. Wanda ya gwada ya aiko mana da yadda ta kaya a gidansa. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba da kasuwa mai albarka. Sai mun sake haɗuwa in Allah Ya kai mu.