Ruwa, Rana Ko Sauro: Wanne Ya Fi Kisa?



Ranar 10 ga Satumba, 2024, mutanen Maiduguri suka wayi gari cikin ruwa bayan madatsar Alau ta ɓalle. Ruwa ya shiga fadar Shehu, ya shiga asibitin koyarwa, ya shiga babbar kasuwa, har gidan namun daji bai tsira ba. Duniya ta gani, manya suka yi ta tururuwa da jaje da gudummawa. A watan Oktoba gwamnatin jihar Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara, amma a lokacin masu ɗaukar hoto sun riga sun naɗe kayansu.

Wata biyar kafin ambaliyar, ana cikin azumin Ramadan, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga gawa 102 cikin kwana huɗun farko na Afrilu, alhali a Afrilun 2023 gaba ɗayansa 130 aka samu. Yawancinsu dattawa ne. Ba gidan da ya rushe, ba gadar da ta karye, don haka labarin bai yi nisa ba.

To, idan gwamnati na da kuɗi kaɗan, ga kuma illolin sauyin yanayi barkatai, wanne za ta fara tara? Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wannan lissafi a 2014. Ta yi hasashen cewa tsakanin 2030 da 2050, sauyin yanayi zai riƙa ƙara mutuwar kimanin mutum 250,000 kowace shekara. A ciki, tamowar yara ce kan gaba da 95,000, sai zazzaɓin cizon sauro 60,000, gudawa 48,000, sannan zafin da ke kashe tsofaffi 38,000. Nutsewa a ambaliya ba ta cikin waɗannan huɗun.

Wannan ba raina ruwa ba ne. Ambaliyar 2022 ta ci rai fiye da 600 a Najeriya, ta raba sama da mutum miliyan ɗaya da muhallinsu. Sai dai kwalarar 2021 kaɗai ta kashe fiye da 3,600 a ƙasar. Ba kowace kwalara za a ɗora wa sauyin yanayi ba, don rashin tsabtataccen ruwan sha da bahaya a fili sun daɗe suna nasu aikin. Abin lura shi ne, yawan ɓarnar ambaliya bayan ta janye take zuwa. Ta cika masai ta juye shi cikin rijiya. Ta bar kududdufai, sauro ya samu gidan haihuwa. A Pakistan, masu zazzaɓin cizon sauro sun tashi daga kimanin 500,000 a 2021 zuwa miliyan 2.6 a 2022, shekarar babbar ambaliyarsu. A nan gida, ambaliya ta kuma kwashe gero da shinkafa ana dab da girbi, rumbu ya ƙare tun kafin bazara, yaro ya rame, gudawar da da zai warke cikin kwana uku ta tafi da shi. A wane shafi za a rubuta wannan yaron: ruwa, yunwa ko gudawa?

Shi ya sa masana ba sa auna haɗari da girman bala'i kawai. Suna tambayar mutum nawa ne ke bakin abin, da kuma ƙarfin jikinsu da na aljihunsu. Digiri 44 ga ma'aikacin da ke ofis mai na'urar sanyaya ɗaki daban yake da digiri 44 ga tsohuwa mai hawan jini a ɗakin kwano, ba wuta, ba iska, ga mai ruwa ya tsawwala kuɗin jarka. Haka birkila a kan gini, da ɗan acaɓa, da mai juna biyu a gaban murhu.

Akwai kuma tambayar ko da maganin abin a hannu. Sanƙarau, ɗan lokacin ƙura da zafi, ya kashe kimanin mutum 25,000 a Afirka a 1996, arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yi wa ɓarna. Allurar MenAfriVac da aka fara a Nijar, Mali da Burkina Faso a 2010 ta kusan shafe nau'in da ya yi waccan ta'asa. Ƙurar tana nan, amma matsayin cutar a jerin haɗurra ya sauya.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙidaya. Faransa ta san zafin Agustan 2003 ya kashe mata kusan mutum 15,000 ne saboda kowace mutuwa a rubuce take. Aka ɗauko adadin da aka saba gani a irin watan, aka kwatanta, rarar ta fito fili. A Kano ko Damagaram, dattijo ya cika da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, 'yan ta'aziyya su ce lokaci ne ya yi. Gaskiya ne, kowa da ajalinsa, amma likita bai gani ba, takarda ba ta fita ba. Masu haƙar kabari sun fi ma'aikatar lafiya sanin makon da gawa ta yi yawa, kuma littafi ɗaya a ƙofar kowace maƙabarta, mai ɗauke da rana da shekarun mamaci, ba zai ci kuɗin tayar mota ɗaya ta ofis ba.

Birnin Ahmedabad na Indiya ta ƙidaya ya faro. Bayan zafin Mayun 2010, aka bi rajistar mamata, aka tarar da rarar mutum sama da 1,300 da ba wanda ya lura da su. A 2013 birnin ya fito da tsarin yaƙi da zafi: gargaɗi kwanaki kafin ya iso, wuraren shan ruwa a bakin titi, horar da ma'aikatan asibiti su gane wanda rana ta buge. Binciken da ya biyo baya ya kiyasta cewa tsarin na ceton rai fiye da 1,000 a kowace shekara.