Wai "sarcasm" ne

Jiya da dare wani bawan Allah daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Shagari ya rubuta cewa ɓarayin daji sun kore musu shanu, sun kuma harbi ƙanen mahaifinsa. Mutane na ta yi mishi jaje. Sai ga wani yaro ɗan nan Bodinga, wanda na sani tun yana rataye allo, ya rubuta a ƙasa: "Madalla! Ku ƙara zaɓensu, ai ga romon dimokuraɗiyya nan kuna sha." Har da fuskokin dariya guda uku. Da na kira shi na yi mishi faɗa, budar bakinsa sai ya ce wai ban gane ba, sarcasm ne.

Na gane sarai, ɗana. Kai ne ba ka san abin da ka ɗauko ba.

Kalmar nan Turawa ma aro suka yi daga harshen Girka, kuma asalinta na nufin yagar nama, irin yadda kare ke yi. Masu ita ba su taɓa cewa wasa ce ba. Magana ce da ake faɗin kishiyar abin da ake nufi don a soki mutum. Mu ne nan muka mai da ita garkuwa: a zagi mutum da Hausa, in an tanka a ɓuya bayan Turanci, wanda ya ji zafi ya koma shi ne baƙauye.

Kuma wa ya ce mu baƙi ne a wannan fage? Uwa ta ga yaro da wuƙa ta ce "ci gaba, ai ba ta yanka", wannan gatse ne, kuma so ne ya kawo shi. Kishiya ta yi wa kishiya habaici a bakin turmi. Bafulatani da Babarbare su yi ta yi wa juna ba'a a tasha, ko taubasai a gidan biki, kowa ya san akwai izini, kuma kowa na da bakin ramawa. Ko zambon makaɗan fada irin su Narambaɗa, 'yan sarki masu neman gadon sarauta ake jifa da shi, mutanen da ke da dawaki da nasu maroƙan. Ban taɓa jin an yi wa mai zaman makoki zambo ba. Wanda kuwa ka yi, sunansa izgili, kuma aya ta 11 a Suratul Hujurat shi ta hana.

Kada a fahimce ni a karkace. Ni ma ina gatse, kun sani, kuma ban daina ba. Duk mai riƙe da muƙami, daga kansila har sama, ya shirya jin ta. Marigayi Shehu Shagari da ya mulki ƙasar nan daga 1979 zuwa 1983 bai tsira daga bakin jaridu ba, balle waninsa. In romon dimokuraɗiyya ne ke ci maka rai, shafukan waɗanda aka zaɓa a buɗe suke, ka je can ka yage su. Amma mutumin da ke kwana a daji don tsoro, shi ka ga dama? Ka ma san ko ya yi zaɓen?

Yaron dai har yanzu bai goge maganar ba. Gobe in Allah ya kai mu zan bi hanyar Shagari in duba majinyacin, na kuma ce mishi ya zo mu tafi tare, ya maimaita ta a gaban iyalan. Ya ce yana da uzuri.