Mu Ɗauki Hoton Daminarmu Kafin Lambunan Su Koma Shaguna

'Yan uwa mazauna Sabon Ibadan da kewaye.

Bara, bayan babbar sallah, aka zare mini waya a cunkoson tasha. Asarar kuɗin ba ta ci mini rai kamar abin da ke cikin wayar ba: hotunan shekara huɗu, har da na sunan 'yata da na ɗan lambun da nake yi a bayan gida. Ko ɗaya ban taɓa wankewa ba. Ba a jima ba na buɗe akwatin marigayi mahaifinmu ina neman wata takarda, sai ga tsohuwar kyamararsa Yashica da ambulan cike da negatif. Na kai aka wanke. Ga Baba nan tsaye gaban huhunan goro, tun kafin a haife ni, fuskarsa tar. Hoton da ya girme ni yana nan, na shekaran jiya sun bi ɓarawo.

Tun daga nan na koma ɗaukar hoto da fim, kuma ra'ayina shi ne ya kamata ƙungiyarmu ta ɗauki wannan abu da muhimmanci, musamman yanzu da damina.

Fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, wani ma 24. Babu gogewa, babu leƙawa ka ga yadda ya fito. Wannan ƙarancin shi ya koya mini kallo. Shekara nawa ina shuka kuɓewa, amma sai da na tsaya jiran haske na lura furenta da safe yake buɗewa, rawaya mai duhun ja a tsakiya, kafin yamma ya yanƙwane. Na ɗauki alayyahun da maƙwabciyarmu ta shuka a buhun siminti, da katantanwa a jikin ganyen ugu, da ƙadangare mai jan kai yana shan hantsi bayan ruwa ya ɗauke, da yara suna tara shinge a ƙarƙashin fitila daren ruwan farko. Na ɗauki hadari ya haɗo a kan tsatsar kwanon rufin garin nan. Da waya ce da na danna sau hamsin na wuce ban ga komai ba.

Daminar nan ba irin ta gida ba ce. A Kano ko Sakkwato wata huɗu ne an gama, nan kuwa ruwa kan sauka tun wajen Maris ko Afrilu, ya ɗan sarara a Agusta, ya dawo har Oktoba. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan wannan daminar suka sani, ita ce tasu. Su wa ke ajiye musu tarihinta?

An kafa Sabo a 1916. Sama da shekara ɗari ke nan, amma ka zagaya gidajenmu ka nemi hoto, abin da za ka samu bai wuce na fasfo da na biki da na tafiya Makka ba. Ina hoton mai lambu a bakin rafi yana ban ruwa? Ina na layinmu kafin a yi bene? Dattawa na ba da labarin ambaliyar Ogunpa ta 1980, amma gida nawa ne zai iya nuna yadda unguwa take kafin ruwan da bayansa? Filayen da 'yan uwanmu ke noman ganye a gefen gari kullum raguwa suke, bana lambu, baɗi an zuba harsashin shaguna.

Wani zai ce mene ne abin ɗauka a ganye da kwata? J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a Legas a 2014, kitson mata ya bi yana ɗauka tun 1968, har ya tara kusan dubu. A lokacin kitso ba abin mamaki ba ne, kowa na gani a kasuwa. Yau hotunan suna manyan gidajen adana kayan tarihi na duniya. Abin da ido ya saba da shi, shi ne ke ɓacewa ba a ankara ba.

Na san ƙorafin da za a yi, kuma gaskiya ne: fim ya yi tsada, masu wanke shi sun yi ƙaranci, ga halin da ake ciki na abinci. Ban ce kowa ya jefar da wayarsa ba. Wanda waya ce ƙarfinsa, ya zaɓi hoto goma duk damina ya kai a buga masa a takarda, ya rubuta suna da wuri da kwanan wata a baya. Amma a matsayin ƙungiya, fim biyu ko uku a shekara bai fi ƙarfinmu ba. A nemo kyamarorin da ke kwance a akwatunan iyayenmu, a ba matasa masu natsuwa, a ajiye kundin hotunan da negatif a ofishin ƙungiya.

Ga mai son gwadawa: ranar hadari fim mai lamba 400 ya fi dacewa. Danshin garin nan na sa gilashin kyamara ya yi fumfuna, don haka a ajiye ta a busasshen wuri tare da ƙananan ƙunshin tsotse danshi irin na kwalin takalmi. Fim ɗin da ba a ɗauka ba a sa shi a firiji cikin leda. Baƙi da fari ya fi mai kala daɗewa bai koɗe ba. Sannan a nemi izini kafin a ɗaga kyamara, musamman ga mata da cikin gidajen mutane. Wanda ya ce ba ya so, a ƙyale shi.

Ina roƙon shugabanni su sa wannan batu a zamanmu na gaba. Mai tsohuwar kyamara a gida kuma ya yi magana a ƙasa, mu duba ko tana aiki.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga ambaliya.