A Hanyar Tsaskiya, Tsohuwar Fijo ta Fi Ferrari Daɗin Tuƙi

Samarin Tsaskiya da ke jihar Katsina sun san Lamborghini da Ferrari da Bugatti kamar yadda takwarorinsu na Kano da Abuja suka san su, ko da yake ba a tashar garinsu suka gan su ba. A waya suka gan su, a TikTok da Facebook, inda ake nuna allurar gudu tana hawa har ta ƙure. A majalisar dare kuma a kaure da musu kan wacce ta fi wuta. Bugatti Chiron, wadda aka fito da ita a 2016, tana da ƙarfin dawaki 1,500, tana kuma kai kilomita 420 a sa'a. Porsche 911 Turbo S ta 2020 tana tashi daga tsaye ta kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa 2.7. Lambobin nan gaskiya ne, injiniyoyin da suka yi aikin kuma sun cancanci jinjina. Sai dai musun majalisa bai cika kaiwa kan mutumin da ke riƙe da sitiyari ba, balle a tambayi abin da ya rage masa ya yi a cikin irin wannan mota.

A nan ne tsofaffin direbobin Safana da Batsari suke da abin faɗa. Daɗin tuƙi yana zuwa ne daga aikin da direba yake yi da hannunsa da ƙafarsa da kunnensa, kuma motar da ta fi ba shi wannan aiki ita ce mai sauƙin ƙira, mai kuloci da giyar hannu, wadda ƙarfinta bai fi ƙarfin hanyar da take bi ba.

A dubi direban Golf da ya ɗauko lodi daga wani ƙauye a bayan Tsaskiya zai fita Dutsin-Ma. Kafin ya hau kwalta sai ya yi fama da burji. Inda gargada take, ya san gudun da idan ya riƙe shi motar za ta daina karkarwa, wanda idan ya gaza shi kowane ƙarfe na jikinta zai yi ta kuka. Da ya hango yashin rafi, tun daga nesa yake sauko da giya zuwa lamba biyu, ya daidaita totur, ya bi sawun wanda ya riga shi, ba ya taɓa birki ba ya sake giya har sai ƙasa mai tauri ta karɓi tayoyin gaba. Sitiyarin yana gaya masa lokacin da taya ta fara nutsewa tun kafin idonsa ya gani. Idan ya haye, fasinjan gidan gaba ya ce masa "sannu direba", kuma ya ci wannan sannun, domin shi ya haye da motar. Duk wannan a gudun da bai wuce kilomita 40 ba, da injin da ƙarfinsa bai kai dawaki 100 ba.

Kafin Golf ta mamaye tashoshin jihar Katsina, Fijo ce sarauniyar hanya. Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa a 1968, shekara ta zagayo ta ci kyautar motar shekara ta Turai. A 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa Fijo a gida, kuma a shekarar ce wani ɗan ƙasar Suwidin, Ove Andersson, ya ci tseren Safari na Kenya da 504, tseren dubban kilomitoci cikin laka da ƙura da duwatsu. Yayarta 404 ta riga ta ci wannan tsere har sau huɗu a shekarun 1960. Faransa ta daina ƙera salun ɗin 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita fiye da shekara 20 bayan nan, saboda masu saye ba su gaji da ita ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tayoyin baya ne ke tura ta, cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ƙafafunta kuma suna da doguwar lanƙwasa, ta yadda take shanye rami ba tare da ta jijjiga ƙashin bayan mutum ba. Wagon ɗinta ta yi jigilar mutane tsakanin Katsina da Kano da Kaduna shekara da shekaru, a-kori-kurarta kuma ta kwashi gero da dawa da awaki zuwa kasuwannin ƙauye. Wanda ya taɓa shan kwana da ita a kan jar ƙasa bayan an ɗauke ruwan sama ya san yadda bayanta ke ɗan zamewa a hankali, ya ba direba lokacin da zai mayar da sitiyari ya daidaita ta. Abin ya yi kama da hawan dokin da ya san linzamin ubangidansa, kowane motsi na hannu yana da amsa.

Motar tsere ta zamani an gina ta ne don ta kawar da kuskuren ɗan Adam, kuma ta kawar da shi tare da rabin aikinsa. Kwamfuta ce ke sake giya, cikin ƙiftawar ido, fiye da yadda kowane hannu zai iya. Ita ke raba ƙarfi tsakanin tayoyi, ita ke taka birkin taya ɗaya idan motar ta fara zamewa, sitiyarin kuma lantarki ne ke taimakawa wajen juya shi, yana tace yawancin abin da hanya ke faɗa. Ferrari da Lamborghini sun daina sayar da mota mai kuloci fiye da shekara 10 da suka wuce. Sakamakon haka, sabon shiga da ƙwararre duk suna iya taka totur su ga abu ɗaya. Kafin irin wannan mota ta fara neman gwanintar direba, sai ta kai gudun da babu hanyar da za ta ɗauke shi a ƙasar nan. Dokar hanya ta Najeriya ta tsayar wa ƙananan motoci kilomita 100 a babbar hanya mai tagwaye, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Mai Porsche ya cinye wannan iyaka tun bai gama gyara zama ba, daga nan sai ya koma riƙe mota kawai, ko ya karya doka ya sa ran jama'a a hatsari.

Wannan ma a kan lafiyayyar kwalta ke nan. Cikin motar tsere bai fi tsawon tafin hannu daga ƙasa ba, tudun rage gudu na bakin kasuwa kaɗai ya isa ya kankare mata ƙirji. Tayoyinta faffaɗa ne marasa kauri, rami ɗaya ya fasa taya ya lanƙwasa rim, da yawansu kuma ba sa zuwa da safaya. Injinta yana son tataccen fetur mai daraja ta sama, wanda ba shi ake samu a wurin 'yan bumburutu ba.

Su kansu masu ƙera motocin sun fahimci an yi asarar wani abu. Mazda MX-5, 'yar ƙaramar motar Japan da ta fito a 1989 da ƙarfin da bai wuce na motar gida ba, nauyinta bai kai tan ɗaya ba, ita ce ta zama motar wasa mai kujera biyu da aka fi saye a duniya, ta haura miliyan ɗaya a 2016. Porsche ta cire giyar hannu daga 911 GT3 a 2013, masu saye suka yi ta ƙorafi har ta dawo da ita a 2017. Daga baya ta fito da 911 Dakar, Lamborghini kuma ta fito da Huracan Sterrato, duka biyun an ɗage cikinsu don su iya bin burji, an kuma sayar da su da tsadar da ta fi ta yawancin 'yan'uwansu na kwalta. Attajiran Turai suna biyan maƙudan kuɗi don su ɗanɗani abin da direban Safana ko Batsari yake yi kullum a bakin aikinsa. A ɗaya gefen kuma nauyi sai ƙaruwa yake yi: BMW M5 ta 2024 ta kusa tan biyu da rabi, kusan ninki biyu na 504.

Akwai wani daɗin kuma da ba a cika lissafawa ba, na sanin cikin motarka. Idan Fijo ta fara shaƙewa, direba ya buɗe bonet, ya kwance kan kafireta, ya zaro jet ya hura shi da baki, ya goge kwantak da 'yar takardar yashi, ya duba fulogi ya ga ko ya yi baƙi. Minti kaɗan ta tashi. Idan batir ya mutu, yara huɗu su tura, ya sa lamba biyu ya saki kuloci. Motar zamani kuwa idan ta kunna fitilar gargaɗi ta ƙi tashi, sai an nemo mai na'urar da ke karanta kwamfutarta daga Katsina ko Kano, wani lokaci kayan gyaran ma sai an yi odarsu daga waje.

A yammacin Katsina wannan magana ta wuce ta nishaɗi. Garuruwan Safana da Batsari suna gefen dajin Rugu, kuma shekarun da aka kwashe ana fama da 'yan bindiga sun koya wa direbobi lissafin da babu shi a littafin koyon tuƙi: wace hanya ake bi da wane lokaci, da kuma inda bai kamata mota ta mutu ba. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan biyu, wanda motarsa ta tsaya a daji ba shi da wanda zai kira. Abin da ke kansa da abin da ke cikin akwatin sifanarsa su ne gatansa. Natsuwar da mutum ke samu idan ya san zai iya tayar da motarsa da hannunsa tana cikin abin da ke sa tafiya ta yi daɗi.

Ba za a ɓoye aibin tsohuwar mota ba. Fijo 504 ba ta da jakar iska, ba ta da birkin da ke hana taya kullewa, kuma ƙarfenta ba a tsara shi ya shanye karo kamar na motocin yau ba. Golf ɗin da ke tashoshinmu 'yan Kwatano ne da suka haura shekara 25, ana ɗora musu mutum biyu a gaba, huɗu a baya, wasu a but, ga buhuna a sama. Rayukan da aka rasa a cikinsu ba kaɗan ba ne, kuma duk mai ƙaunar tsohuwar mota dole ya faɗi haka da babbar murya. Na'urorin kariya na zamani sun ceci mutane masu yawa. Amma jakar iska da birki mai kyau ba sa buƙatar dawaki 600. Ƙarfin da ya wuce kima a hannun yaron da bai taɓa koyon sarrafa ƙaramin ƙarfi ba shi ne ke haifar da wasan mota a wajen biki, wanda ya sha jefa iyalai cikin makoki a biranen Arewa.

Abin da ya dace a nema wajen masu harhaɗa motoci a Kaduna da sauran wurare shi ne sabuwar mota mai halin Fijo: mara nauyi, mai ɗagaggen ciki, mai giyar hannu, da bel da jakar iska da birkin zamani, wadda bakanike a Dutsin-Ma zai iya kwance injinta ya mayar, kayan gyaranta kuma suna kasuwar Katsina. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ƙaramin inji ya ƙara daraja ga mai haya da mai motar gida baki ɗaya. Iyaye da shugabannin tasha kuma su riƙe tsohuwar ƙa'idar nan ta fara koya wa yaro tuƙi a mota mai kuloci, a kan burji, kusa da wanda ya san hanya, kafin a miƙa masa makullin atomatik.